Kana da shago a Amurka? Ga yadda zaka shirya kafin sammacin ADA ya iso ƙofarka

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da Allah ya buɗa wa hanya kuka kama sana'a a Amurka, masu shagon kayan miya na gida a Bronx, masu gidan abinci a Harlem, matanmu masu shagon kitso, da waɗanda suka ɗan tara abin hannu suka sayi gini suna ba da haya. Akwai dokar da mutanenmu da yawa basa fara jin sunanta sai ranar da wani ya shigo shago ya miƙo takardar kotu, ita ce ADA, dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli 1990. Sashe na uku na dokar shi ne ya shafe ku kai tsaye, domin shi ya ce duk wurin da yake buɗe wa jama'a, shago ne ko gidan abinci ko wajen aski ko otal ko ofishin likita, dole mai keken guragu da makaho da kurma su iya shiga su ci moriyarsa kamar kowa.

Bari mu fara kawar da maganganu biyu da suke yawo a bakin mutane suna jefa su cikin matsala. Wasu zasu ce maka ai shagonka ƙarami ne, ma'aikata biyu gareka, doka bata hau kanka ba. Wannan maganar ma'aikata 15 da ake ji ta shafi ɓangaren ɗaukar aiki ne kawai, ɓangaren kwastoma bashi da wannan iyaka, ko kai kaɗai ne a bayan kanta dokar tana kanka. Wasu kuma su ce ai ginin tsoho ne, an gina shi tun kafin a yi dokar. Shi ma babu wannan afuwar. Abin da doka ta ce game da tsohon gini shi ne ka cire duk wani cikas da za a iya cirewa ba tare da wahala mai yawa ko kuɗi mai yawa ba, kuma ana duba ƙarfin aljihun kasuwancinka wajen auna wannan, abin da ake tsammani daga babban kanti ba shi ake tsammani daga mai shagon gari da manja ba, amma dai ba a ce ka zauna hannu rabbana ba. Sabon gini kuwa, da duk wurin da ka yi wa kwaskwarima, dole ya bi ma'aunin da aka fitar a 2010 wanda ya zama tilas tun 15 ga Maris 2012.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne babu gargaɗi. Dokar tarayya bata tilasta wa mai ƙara ya fara rubuto maka wasiƙa ya ce gyara kaza ba, yana iya wucewa kotu kai tsaye. An taɓa yunƙurin canza wannan, majalisar wakilai ta amince da wani ƙudiri a Fabrairu 2018 da zai ba mai shago lokacin gyara kafin a kai shi ƙara, amma ya mutu a majalisar dattawa. A 2021 kaɗai an shigar da irin waɗannan ƙararraki sama da 11,000 a kotunan tarayya, kuma California da New York da Florida su ne kullum a gaba. Akwai mutanen da suke shigar da ƙara ɗaruruwa, misali Deborah Laufer wadda ta kai otal-otal sama da 600 ƙara kan shafukansu na intanet, har maganarta ta kai Kotun Ƙoli a 2023, kotun ta rufe shari'ar ba tare da ta yanke ko mai gwajin wuri wanda bashi da niyyar zama kwastoma yana da damar ƙara ba. Toh kaga har yanzu ƙofar a buɗe take.

Ta ina kuɗin yake fitowa? A dokar tarayya mai ƙara baya samun diyya a aljihunsa, abin da kotu take bayarwa shi ne umarnin ka gyara da kuma kuɗin lauyansa, kuma wannan kuɗin lauyan shi ne yake kumbura kullum shari'a ta ƙara kwana. Dokokin jihohi ne suke ƙara diyya a kai. A California dokar Unruh ta sa mafi ƙarancin dala 4,000 a kan kowane karo da mutum ya gamu da cikas ɗin, a New York kuma dokar haƙƙin ɗan adam ta jiha da ta birni suna ba da damar neman diyya, shi ya sa zaka ga takardar ƙarar ta haɗo dokoki uku ko huɗu a wuri ɗaya.

Na san ran mutane yana ɓaci da wannan, kuma gaskiya akwai lauyoyin da suka mayar da abin hanyar ci, takarda iri ɗaya suna canza sunan shago kawai. Amma dan Allah kar wannan ya rufe mana ido, mafi yawan lokaci matakalar da aka rubuta a takardar tana nan da gaske a ƙofar shagon, kuma akwai mutumin da ya zo ya tsaya a waje cikin sanyi ya juya saboda ita. Mu mun taso a inda ake ganin gurgu ko makaho a matsayin wanda za a miƙa wa sadaka a bakin masallaci, a nan kuwa kwastoma ne da katinsa a aljihu yana son ya shiga ya zaɓi doyarsa da kansa. A Maris 1990 mutane sun sauka daga kekunansu sun ja jiki suka hau matakalar majalisar dokoki a Washington don a zartar da dokar nan, ba kyauta aka basu ita ba.

Yanzu ga aikin. Ka nemi tef ɗin awo mai inci, da ɗan lebur na duba karkacewar ƙasa irin na magina, da wayarka don ɗaukar hoto, ka fita waje ka fara daga bakin titi ka biyo hanyar da mai keke zai biyo. Ita kanta gwamnati haka ta jera fifikon gyara, hanyar shiga tukuna, sannan isa ga kaya, sannan banɗaki, sai sauran.

In kana da wurin fakin naka, nan ne aka fi kama mutane saboda daga cikin mota ma ana iya ɗaukar hotonsa ba sai an shigo ba. Fakin mai gurbi 1 zuwa 25 yana buƙatar gurbi ɗaya na musamman kuma ya zama wanda babbar mota mai sauke keke zata iya amfani da shi, faɗinsa inci 132 da filin sauka mai inci 60 a gefe, ko faɗin inci 96 da filin sauka inci 96. Ƙasa kar ta karkace fiye da 1 cikin 48 ta kowace fuska, allon alama ya kasance aƙalla inci 60 daga ƙasa zuwa gindinsa. Fentin da ya goge, allon da iska ta kayar, kwandon shara da yaronka ya ajiye a filin sauka, duk suna shiga takardar ƙara.

Sai ƙofa, kuma a nan zan daɗe don a tsofaffin unguwannin New York kusan kowane shago yana da ɗan tudu ɗaya a bakinsa wanda kai da kake da ƙafa baka ma lura da shi. In an buɗe ƙofa sosai, sararin wucewa ya kai inci 32. Dokin ƙofa kar ya wuce rabin inci, mariƙin ƙofa ya zama wanda ake dannawa ko turawa, ba mai zagaye da sai an damƙe an murɗa ba, ka gwada da dunƙulallen hannu, in bata buɗu ba to a canza. In akwai tudu, gangaren da za a yi masa ƙa'idarsa ita ce kowane inci ɗaya na tsayi yana cin inci 12 na tsawo, wato tudu mai inci 6 yana buƙatar gangare mai ƙafa 6, faɗinsa inci 36, in tsayin ya wuce inci 6 kuma sai an sa ƙarfen dafawa hagu da dama. Kar ka kira wani ɗan uwa ya zo ya zuba siminti da ka cikin dare, gangare mai tsini ya fi rashinsa haɗari don yana iya kifar da mutum ta baya, kuma in zai fito kan hanyar masu tafiya a ƙasa sai ka nemi izinin birni. Inda babu fili ko kaɗan ana amfani da gangaren ɗauke-ka-ajiye mai ƙarfi tare da ƙararrawa a waje a tsayin da mai zaune zai kai, da alama mai nuna a danna, amma fa sai in na dindindin ya gagara da gaske, kuma duk wanda yake aiki a shagon ya san inda yake da yadda ake shimfiɗa shi, ba ace yana can ƙarƙashin buhunan shinkafa a sito ba.

Cikin shago kuwa, mu mun saba da cika wuri da kaya har rufi, kwalin Maggi nan, jarkar mai can, buhun gari a tsakiyar hanya. Hanyar wucewa tana buƙatar inci 36, kuma wannan gyara ne da baya cin ko sisi, matsar da kaya ne kawai. Kantar biyan kuɗi ta samu wani ɓangare da bai wuce inci 36 tsayi ba mai tsawon inci 36, kuma a bar shi fili, kar a cika shi da katin waya da goro da turare. Na'urar saka kati ta zama mai miƙuwa zuwa hannun mai zaune. Abin da yake saman kanta mai tsawo ba dole ka sauko da shi duka ba, amma dole a taimaka a ɗauko wa mutum ba tare da ɓata fuska ba, kuma haramun ne ka ƙara masa kuɗi don ka yi masa wani taimako na musamman. Masu gidan abinci, kashi 5 cikin 100 na wuraren zama, aƙalla tebur ɗaya, ya kasance mai tsayin inci 28 zuwa 34 da sararin gwiwa inci 27 a ƙarƙashi. Hajiya mai kitso ki tabbatar akwai wurin da keke zai tsaya a yi wa kwastoma kitsonta tana zaune a kekenta.

Banɗaki in kana barin kwastoma su shiga shi ne ma'ajin ƙananan laifuka. Wurin zama inci 17 zuwa 19 daga ƙasa, ƙarfen dafawa a gefe da baya inci 33 zuwa 36, bakin wurin wanke hannu kar ya wuce inci 34, gindin madubin da ke samansa kar ya wuce inci 40, bututun da ke ƙarƙashi a naɗe shi don kar ruwan zafi ya ƙona ƙafar wanda baya jin zafi, sabulu da takardar goge hannu kar su wuce inci 48, da filin juyawa mai inci 60. Yawancin waɗannan aikin wuni ɗaya ne ga kafinta. Buta da bokiti da tsintsiya a nema musu wani lungu, kar su cinye filin juyawar.

Akwai maganar kare, kuma ita ce nake ganin tafi kusa da kayar da mutanenmu domin ba awo bace, hali ne. Makaho ko wani mai lalura zai shigo gidan abincinka na halal da karen da aka horar don yi masa aiki, yaronka ya daka tsawa ya ce a fita da shi, shikenan an samu ƙara kuma wataƙila da bidiyo. Doka ta ce karen aiki yana shiga duk inda kwastoma suke shiga. In ba a fili abin yake ba tambaya biyu kacal aka yarda ka yi, shin karen na aiki ne saboda lalura, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi. Babu neman takarda, babu tambayar mene ne ciwonka, babu cewa ya gwada a gani. Zaka iya cewa a fitar da shi in ya fi ƙarfin mai shi ko yana ɓata wuri, kuma ko a lokacin sai ka ci gaba da yi wa mutumin hidima. Karen yana ƙasa ne, ba kan kujera ba ba kan tebur ba. Wanda zuciyarsa bata kwanta ba ya zauna da malaminsa, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka taso a kanta kare mai rai ba najasa bane a jikinsa. Masallaci shi kansa wannan sashe na dokar bai hau kansa ba, amma shagon ɗan kasuwa da yake haya a ginin masallaci ya hau.

In kana da shafin intanet da ake yin oda ta ciki shi ma ana ƙara a kansa, musamman a New York. Makafi suna amfani da manhajar da take karanta musu rubutu da murya, in hotunan kayanka basu da bayani a rubuce, ko ba a iya kammala oda sai da linzamin kwamfuta, to an rufe musu ƙofa. Wani makaho mai suna Guillermo Robles ya kai Domino's ƙara kan haka, kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ta shafi shafinsu da manhajarsu a 2019 kuma Kotun Ƙoli taƙi karɓar kukansu. Ka gaya wa mai gina maka shafi ya bi ma'aunin sauƙaƙa shafi ga masu lalura da ake kira WCAG 2.1 matakin AA, ya rubuta maka hakan a yarjejeniya, kuma kar ka dogara da ɗan maɓallin nan da ake liƙawa a gefen shafi ace ya gyara komai da kansa.

Toh tsakanin mai gini da ɗan haya wa ke da alhaki? A idon doka ku biyun ne. Yarjejeniyar haya tana iya raba wa zai biya me a tsakaninku, amma mai ƙara babu ruwansa da takardarku, yana iya haɗa ku duka. Don haka ka ɗauko takardar hayarka yau ka nemi inda aka yi maganar bin doka da gyare-gyare da kuma wanda zai ɗauki asara in an yi ƙara, da yawa suna sa hannu a kan sharaɗin da ya ɗora musu har kuɗin lauyan mai gini basu sani ba. In zaka kama sabon wuri ka auna ƙofa da banɗaki kafin ka sa hannu, lokacin ne kake da bakin cewa Alhaji sai an gyara ko a rage haya. A California doka ta tilasta mai gini ya faɗa a takardar haya ko ƙwararren mai duba wuri da ake kira CASp ya taɓa duba ginin. In kana jihar ka kira ɗaya daga cikinsu tun kafin komai, domin mai rahotonsu yana iya neman kotun jiha ta dakatar da shari'a kwana 90 a zauna da wuri, kuma diyyar tana iya sauka zuwa dala 1,000 in ya gyara cikin kwana 60. Ƙaramin kasuwanci mai ma'aikata 25 ko ƙasa da haka, wanda cinikinsa na shekara bai kai iyakar da dokar jihar ta sa ba, in ya gyara cikin kwana 30 tana sauka zuwa 2,000.

Kuɗin gyara kuma gwamnati tana ɗaukar wani abu. In cinikinka na bara bai wuce dala miliyan 1 ba, ko ma'aikatanka na cikakken lokaci basu wuce 30 ba, akwai rangwamen haraji na rabin abin da ka kashe tsakanin dala 250 da 10,250, wato har dala 5,000 a shekara, ana cike shi a fom 8826. Akwai kuma cire har dala 15,000 a shekara daga kuɗin da ake yi wa haraji a ƙarƙashin sashe na 190 na dokar haraji. Ka ajiye kowane rasit, ka tuna wa akantanka da bakinka.

Abin da ya gagara yanzu ka rubuta shi a takarda, matsala kaza, ƙiyasin magini kaza, watan da zaka yi kaza, da hotunan kafin gyara da bayan gyara masu kwanan wata. Wannan takardar ita lauyanka zai fara nema.

In kuma sammacin ya riga ya iso, abu na farko ka rubuta ranar da aka miƙa maka, domin agogo ya fara. Kotun tarayya kwana 21 ne ka ba da amsa, kotun jihar California kwana 30, ta jihar New York kwana 20 in hannu da hannu aka baka. In ka jefa takardar a durowa ka ce Allah ya isa, za a yanke hukunci baka nan kuma ana iya bin asusun bankinka. In shagon a sunan kamfani yake kamar LLC bazaka iya tsayawa da kanka a kotun tarayya ba sai da lauya, kuma ka nemi wanda aikinsa kenan kare irin wannan ƙara, ba lauyan da ya yi maka takardun zama ba. Kar ka kira mai ƙara, kar ka tura 'yan uwa su je ban baki, kar ka sa hotonsa a Facebook ko guruf ɗin WhatsApp ana zaginsa, dokar ta hana ramuwa da tsoratarwa kuma sabon laifi ne a kan na farko. Ka sanar da mai gini da kamfanin inshorarka a rubuce cikin makon, inshorar shago ta yau da kullum sau da yawa bata ɗaukar wannan amma wasu suna da ƙarin sharaɗi da yake ɗauka, kuma jinkirin sanarwa yana iya ɓatar da shi.

Kafin ka taɓa komai ku ɗauki hoto da awo yadda wurin yake, sannan ka gyara da sauri bisa shawarar lauya. Tunda abin da dokar tarayya take bayarwa umarnin gyara ne, in an gyara komai gyara na dindindin lauyanka yana iya neman kotu ta rufe wannan ɓangaren, kuma ko ba a rufe ba hannunka ya yi ƙarfi a teburin sulhu. Yawancin waɗannan shari'u a sulhu suke ƙarewa. Ka tabbatar takardar sulhun ta faɗi gyaran da za a yi da lokacinsa, ta haɗa kuɗin lauyansu a ciki, ta saki kai da mai gini in haka kuka shirya. Kuma ka riƙe wannan da kyau, sulhun da ka yi da mutum ɗaya baya ɗaure hannun na biyu, in ka biya ka bar tudun yana nan wani yana iya zuwa wata mai zuwa da takarda irin ta farko.

Wanda yake son a yi masa bayani kyauta kafin ya kashe kuɗi, ma'aikatar shari'a tana da layin ADA a 800-514-0301, akwai kuma cibiyoyin ADA na yankuna guda 10 da ake samu ta 800-949-4232, suna amsa tambayar masu shago ba tare da sun kai rahoton kowa ba. A shafin ADA.gov akwai ɗan littafin jagora na ƙananan 'yan kasuwa mai zane-zanen awo, ka buga shi a takarda ka miƙa wa maginin kafin ya fara aiki.